Kanwa Uwar Gami: Cacar Baki kan Kemistirin 'Yan SS1 a Zauren Iyaye da Malamai

Maman 'Yanbiyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙorafi ne da ni, kuma malamanmu na kimiyya nake so su tanka. Babbar 'yata ta shiga SS1 bana, ajin kimiyya. Daren jiya ina dama kunun tsamiya, tana zaune a bakin ƙofar kicin tana haddar kemistiri. Ta rufe littafi tana ta zubo Turanci kamar an kunna famfo: ma'anar atam, ma'anar elimen, kamfawun, mikisca. Har na ji daɗi. Sai na ce mata, to Hajiyata, wannan kunun da ke gabana, wanne ne a cikin waɗanda kika lissafa? Ta dubi kunu, ta dube ni, ta ce, "Mama, ai ba a ba mu kunu a not ba." Na yi dariya a lokacin, amma da na kwanta abin ya tsaya min a rai. Karatu muke biya wa kuɗi ko kiwon aku?

Injiniyan Sharaɗa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki gode wa Allah da ta iya haddar. Mu ma haka muka yi, elimen ashirin na farko sai da muka rera su kamar waƙa, daga haidirojin har kalsiyam, kuma ga mu yau. Mai makin WAEC ba zai tambaye ta kunu ba.

Mai Alli (Gwale): Hajiya, ni wannan darasin nake koyarwa, kuma abin da 'yarki ta faɗa ina jin irinsa kowane zango. Bari in ba ki amsar da za ki kai mata, da Hausa.

Elimen shi ne tsantsar abu, wanda ƙwayoyinsa duka iri ɗaya ne, ba za ki fasa shi ki fitar da wani abu dabam daga cikinsa ba ta hanyar kemistiri. Guda 118 aka sani. Abin da yaranmu ba su lura ba shi ne kakanninmu sun raɗa wa da yawa suna tun kafin boko: zinariya, azurfa, dalma, kuza, zaiba, farar wuta, ƙarfe, jan ƙarfe. Duk waɗannan elimen ne. Yaro zai haddace alamar Sn a allon jadawalin elimen, bai san kuzar da aka yi ta haƙa a Jos ba ce.

Kamfawun kuwa elimen biyu ko fiye ne suka ƙulle da juna a kan ma'auni tsayayye, har suka zama wani abu sabo. Gishirin da ke kicin ɗinki ya isa misali. Sodiyam wani ƙarfe ne mai laushi da ake yankawa da wuƙa, in ya taɓa ruwa sai ya yi ta tafarfasa, har yakan kama wuta. Kilorin iska ce mai guba, da ita aka kashe sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. To su biyun nan ne in sun haɗu suke zama gishirin miya. Babu halin uwa, babu na uba.

Mikisca shi ne gauraye. Kowa yana nan da halinsa, zaman tare kawai ake yi, kuma babu ƙayyadadden ma'auni. Kununki yau ki cika suga, gobe ki rage, kunu dai sunansa kunu. Ruwa kuwa in kin canja ma'aunin haidirojin biyu oksijin ɗaya, ya tashi daga ruwa.

Maman 'Yanbiyu: Wato kunu gauraye ne. Allah ya saka Malam. To me ya hana a faɗa musu haka a aji?

Mai Kemis: Malam ya taɓo sana'ata. Ina da kwalba a kanta da ake saya don wanke ciwo, mutane suna ce mata haidirojin, wadda ke kumfa in an zuba. H2O2 ke nan. Ruwan sha H2O. Ƙwayar oksijin ɗaya tal ta raba su, amma wannan a sha a yi hamdala, wancan a sha a kwana asibiti.

Mai Alli (Gwale): Ga ma wanda ya fi wannan tsanani. CO2 ita ce iskar da muke fitarwa da numfashi, ita ce ke tashi in an buɗe lemon kwalba. CO kuwa ita ce ke fita daga janareto da kaskon gawayi in wuta ba ta samu isasshiyar iska ba. Ba ta da wari, ba ta da launi, tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Duk hunturu sai an ji labarin waɗanda suka shiga ɗaki da kasko suka rufe ƙofa da taga. Yaron da ya san bambancin biyun nan da gaske, ba a takarda kaɗai ba, shi zai tashi tsakar dare ya fitar da kaskon kakarsa waje.

Injiniyan Sharaɗa: Ban musa ba. Amma Malam ka faɗi gaskiya, kai kana zuwa makin jarrabawa. In yaro ya rubuta ma'ana da fahimtarsa, ya bar kalmomin da ke cikin takardar maki, ana ba shi? Ba a ba shi. WAEC da Turanci, NECO da Turanci, JAMB da Turanci. Ku cika yara da kunu da gishiri, ranar jarrabawa su tsaya suna fassara a ka, 'yan Legas sun gama sun miƙa takarda. Kuma hadda ba baƙuwarmu ba ce, da ita muka tashi tun makarantar allo.

Tsohon Hedimasta: Injiniya ɗana, a makarantar allo ma ai bayan sauka ake zama gaban malami a ɗauki littattafai, yana karantawa yana fassarawa da Hausa kalma bayan kalma. Ba a taɓa cewa hadda ita ce ƙarshen karatu ba. Kuma an gwada abin nan a ƙasar nan. A Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka koyar da yara duk darussan firamare da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza ba, har a Turancin.

Ɗalibar BUK: Baba ina neman afuwa, zan ɗan shigo tsakani. Ina goyon bayan a yi bayani da Hausa, amma Hausar ma tana da ramukanta, kuma na faɗa ciki da kaina. Ku duba kalmar narkewa. Ƙanƙara ta narke. Man shanu ya narke. Suga ya narke a shayi. Gishiri ya narke a miya. Mu a wajenmu aiki ɗaya ne. A kemistiri kuwa abu biyu ne da ba su haɗa hanya ba, kuma Turanci ya ba kowanne sunansa. Ƙanƙara da man shanu zafi ne ya mai da su ruwa-ruwa, su kaɗai, babu wani abu da ya shiga cikinsu. Gishiri a miya ba zafi ne ya narkar da shi ba, ruwa ne ya ɓalle ƙwayoyinsa ya warwatsa su a cikinsa, shi ya sa ko a ruwan randa mai sanyi zai ɓace. In kana so gishiri ya yi irin narkewar man shanu, sai ka kai shi digiri 801. Tukunyar miya ko digiri 110 ba ta kaiwa.

Na rasa maki a kan wannan a SS2, na sa kalmar narkewar ƙanƙara a wurin ta gishiri, domin a kaina da Hausa nake tunani sannan in juya. Malamin ya ja jan biro bai ce min komai ba. Sai da na shiga jami'a na gane inda na yi tuntuɓe.

Injiniyan Sharaɗa: Yauwa! Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Kun ji ko?

Ɗalibar BUK: Yaya ba gefenka na koma ba fa. Abin da nake nufi, da malamin nan ya san da wane harshe nake tunani, da ya tsaya ya ce, ku kula, kalmarku ɗaya ce amma abu biyu ne. Minti biyu ya isa. Wanda ya hana Hausa shiga aji ba zai taɓa ganin ramin ba, domin a Turancinsa babu shi. Ga wasu ma: iska. Wadda ke kaɗawa iska, wadda muke shaƙa iska, oksijin iska, ta tukunyar girki iska. Alhali wadda muke shaƙa gauraye ce, kashi 78 cikin ɗari naitirojin, kashi 21 oksijin, ragowar argon da CO2 da 'yan tsirarai. Sai kuma sinadari, wadda a rediyo take ɗaukar komai, daga elimen har magi.

Mai Kemis: Kin manta iskokai.

Admin: Mai Kemis a kiyaye.

Mai Alli (Gwale): Ɗalibar BUK ta gama magana. Ni a ajina nakan ce narkewar wuta da narkewar ruwa, sannan in rubuta na Turancin a allo gefe da gefe, in sa su maimaita. Injiniya, ka ga ban hana hadda ba. Ina sa su haddace ma'anar da mai maki yake nema, harafi da harafi. Amma sai abin ya zauna tukuna. Hadda marfi ce, sai da tukunya.

Ɗan SS3: Assalamu alaikum iyayena, da wayar yayana nake. Malam don Allah maganar atam. A not ɗinmu an ce shi ne mafi ƙanƙantar abu da ba ya rabuwa, shafi na gaba kuma an ce yana da furoton da niyutiron da ilektiron a ciki. Wanne za mu ɗauka?

Mai Alli (Gwale): Tambaya mai kyau. Na farkon maganar John Dalton ce, ta wajen 1808, kuma a zamaninsa iyakar abin da aka gani ke nan. A 1897 J.J. Thomson ya gano ilektiron, a 1911 Rutherford ya nuna akwai ƙwallo a tsakiya inda kusan duk nauyin yake, a 1932 Chadwick ya gano niyutiron. Saboda haka atam yana rabuwa. Abin da za ka riƙe: shi ne mafi ƙanƙantar yanki na elimen da ke shiga haɗuwar kemistiri. In an tambaye ka ra'ayin Dalton ka kawo na Dalton, in an tambaye ka gyaran da aka yi masa ka kawo wannan. Yawan furoton shi ne sunan yanka na elimen: 6 kabon ne, 8 oksijin, 26 ƙarfe, 79 zinariya. Ka canja lambar, ka canja elimen.

Tsohon Hedimasta: Mu a da ƙwayar zarra muke cewa. Malaman tafsiri kan fassara zarra da ƙaramar tururuwa, ko ƙurar nan da ake gani tana yawo in hasken rana ya ratso ta taga. Sai dai a gaya wa yaro ƙurar nan ɗaya tak ta ƙunshi atam da ba za su ƙirgu ba, kada ya ɗauka ita ce.

Ɗan SS3: Na gode Baba. Saura mol. Wallahi shi ne ya hana ni sakat.

Ɗan Mariri: Ni ban yi kimiyya ba, goro nake sayarwa, amma ɗana ya taɓa yi min bayanin mol ɗin nan na ce masa ai ƙwarya ce. A wajenmu in an ce ƙwaryar goro, goro ɗari ake nufi. Manya ne ɗari, ƙanana ne ɗari. Amma in ka ɗora a sikeli, ƙwaryar manya ta fi nauyi.

Mai Alli (Gwale): Alhaji, gobe da wannan zan shiga aji, kuma ba zan biya ka ba. Ɗan SS3, ka ji shi. Mol ƙwarya ce, sai dai maimakon 100, adadinta 6.02 × 10^23, wato ka rubuta 602 ka jera sifiri 21 a baya. Ita ake kira lambar Avogadro. Tun da ba mai iya zama ya ƙirga atam ɗaya-ɗaya, sai a auna a sikeli a san adadi. Mol ɗaya na kabon giram 12, na ruwa giram 18, na gishiri giram 58.5. Adadi ɗaya, nauyi dabam. Giram 18 na ruwa bai fi kurɓi ɗaya ba, cokalin cin abinci ɗaya da ɗan ɗori. In an ba ka giram 36 na ruwa aka ce mol nawa, ƙwarya biyu ke nan. Raba nauyin da aka ba ka da nauyin ƙwarya ɗaya, shi ke nan lissafin da kake tsoro.

Ɗan SS3: Kai! Shekara biyu ina gudun abin nan.

Injiniyan Sharaɗa: To na yarda da ƙwarya. Amma duk daɗin misali, kemistiri sai da lab. Wannan fa?

Ɗan SS3: Yallaɓai mu lab ɗinmu a kulle yake, akwai kwalabe a ciki amma ƙura ta rufe su. 'Yan ajin da suka fita bara sun ce sai ana saura mako guda firaktikal aka fito musu da buret, dogon bututun gilashin nan da ake ɗiga asid da shi, wani ma a ranar ya fara taɓa shi, hannunsa na rawa ya zarce da asid har kalar ta wuce.

Ɗan Marina (Ƙofar Mata): Tun ɗazu nake karatu ina shiru. Ku zo karofi ku ga lab da ba a kullewa. Gidanmu rini muka gada, kuma marinar nan ana cewa tun 1498 take. Abin da muke zubawa a rami ruwa ne da toka da baba da kanwa, a bar shi kwanaki ana motsawa har ya nuna, ya yi kumfa a sama, warinsa ya canja. Mai rini da hanci da ido yake sanin ya yi. Ga abin da nake so malamai su fassara min: in ka tsoma farin yadi ka ɗago, ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore ne mai ɗan rawaya. Kana riƙe da shi a hannu, yana ɗiga, sai ka ga yana juyewa a idonka har ya zama shuɗi. Shi ya sa muke tsomawa mu ɗaga, mu tsoma mu ɗaga. Mahaifina cewa yake yadin yana shan iska.

Ɗalibar BUK: Wallahi mahaifinka ya faɗi daidai, babu abin da za a gyara. Shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa ba zai shiga zare haka kawai ba. A cikin ramin, toka da kanwa suna sa ruwan ya zama alkali, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganyen kuma suna cinye oksijin ɗin ciki, suna juya shuɗin zuwa wani nau'i mai narkewa, mai launin rawaya-kore. Shi ne yake ratsa zaren. Da an ɗago, oksijin na iska ya same shi, sai ya koma shuɗinsa marar narkewa, ya maƙale a cikin zare. Wannan shi ne babin ridokis da ake ba 'yan SS2 suna kuka. Ridakshan a rami, oksideshan a sama.

Mai Kemis: Tsaya, alkali kuma? Har da kotu a ramin?

Tsohon Hedimasta: Wannan raha tun muna ɗalibai ake yin ta. Alƙalin kotu daga al-ƙadi ya zo. Alkali na kemistiri daga wata kalmar Larabci ce mai nufin tokar tsirrai, wadda ake jiƙawa a yi sabulu. Ita kanta kalmar kimiyya da kemistiri tushensu guda, al-kimiya, fannin su Jabir bin Hayyan. Tokar da Ɗan Marina yake zubawa a rami, ita ce ta ba babin sunansa. Matan da ke tace ruwan toka su dafa da mai su yi sabulun salo, su ma aikin ke nan.

Mai Alli (Gwale): Hajiya Maman 'Yanbiyu, in kina nan, ga aikin gida da ba ya buƙatar lab. Na san ba a rasa zoɓo a gida. Ki jiƙa shi ba suga ba komai, ki raba a kofin gilashi uku. Na farko a bar shi. Na biyu a matsa lemon tsami. Na uku a zuba ruwan kanwa. Ki bar ta ta faɗi abin da ta gani kafin ki ce komai. Bayan nan ta ɗiga lemon tsami a kan garin kanwa ta kasa kunne.

Ma'aunin da ake kira pH daga 0 yake zuwa 14. Bakwai tsakiya, nan tsantsar ruwa yake. Ƙasa da 7 asid, lemon tsami yana wajen 2. Sama da 7 alkali, can kanwa da ruwan toka suke. Ruwa ba ya tsami banza: duk inda kika ji tsami, a tsamiya, a nono, a kamu, akwai asid. Amma a ja mata kunne, ɗanɗano na kayan kicin ne kawai. Ruwan batir ma asid ne, ba a kai shi baki, ba a taɓa shi.

Injiniyan Sharaɗa: Ni dai ina nan a kan bakana, in ta gama wasa da zoɓo ta koma ta haddace ma'anar asid da Turanci.

Mai Alli (Gwale): Za ta haddace, Injiniya. Ni zan fara tambayarta.

Maman 'Yanbiyu: Jama'a na dawo da rahoto. Mun yi bayan la'asar. Na lemon tsami ya ƙara ja, ya yi haske. Na kanwa kuwa tana zubawa ya rikiɗe ya yi duhu, kore-kore kamar ruwan kwata, har 'yan biyu suka ruga suna cewa Yaya ta yi tsafi. Garin kanwa da lemon tsami ya yi ta kumfa yana cuuu, ta ce CO2 ce, ban san ko daidai ba ne. Sai ta ɗauki lemon ta yi ta matsawa a kofin kanwar nan, wai tana so ta ga ko jan zai dawo. Ya dawo. Ta ƙarar min da lemon tsami biyar da na aje don zoɓon sayarwa. Yanzu kuma ta tsare ni wai me ya sa nake jefa kanwa a wake da miyar kuɓewa, ni kuwa abin da na sani haka na ga Inna tana yi.

Mai Alli (Gwale): CO2 ce, ta faɗi daidai, kanwa kabonet ce. Dawo da jan da ta yi shi ne babin da asid da alkali ke kashe juna, kuma shi ne abin da ake yi da buret ranar firaktikal, ɗigo-ɗigo har launi ya juya. Maganar wake ki ce ta kawo min amsarta da kanta, na ba ta kwana uku.

Ɗan Marina (Ƙofar Mata): Malam in kana so ka kawo 'yan ajinka, ka zo da su ranar Asabar da hantsi, akwai ramin da zai nuna kafin nan. Kowa ya zo da ƙyallen farin auduga, ban da na roba, ba ya kamawa. Kuma kada wanda ya sako kayan makaranta.

Ɗan SS3: Yaya mu 'yan wata makarantar za mu iya biyowa?

Ɗan Marina (Ƙofar Mata): Ku zo, amma ku ne masu ɗebo ruwa.